Ranar da Aka Sace Muryar Malam Mu'azu

Duk wanda ya zauna Tsafe ya san Malam Mu'azu hedimasta. Tun yana ƙaramin malami a 'Yandoto bakinsa bai iya a'a ba. Da ya zama shugaba sai ya buɗe wa iyayen yara zauren WhatsApp, kowa ya roƙa a saka shi, ya ce ai ba komai. Da yake yawancinsu ba su karatu, da murya yake aika saƙo. In aka ji "Salamu alaikum, iyayen yara," to magana ta ƙare.

Ran nan wani ya kira shi, wai daga ofishin ilimi a Gusau, za a yi taro ta waya, ya karanto lambobin da suka shigo masa. Malam ya karanto, har da godiya.

Bayan la'asar sai ga Uwani mai dafa abincin makaranta, tana haki.

"Malam, wace irin tafiya ce ba shiri? Kac ce gobe a kai ɗiya bakin hanyar Bilbis, mota na jira."

"Ni? Yaushe?"

Ta kunna masa. Muryarsa ce tsaf, amma saƙon bara ne, na zuwa musabaƙa, lokacin hanyar tana biyuwa. Yanzu kuwa kowa ya san masu satar mutane ne ke fitowa daga dajin da ke gefenta. Ya laluba wayarsa don ya ƙaryata, ashe da lambobin nan da ya karanto an riga an fitar da shi daga WhatsApp ɗinsa, ɓarawon da ya kira shi ne ke magana da sunansa.

Ya ruga masallaci, ya karɓe lasifika daga hannun ladan.

"Jama'a, don Allah, in kun ji muryata a waya, ba ni ba ne!"

Wani tsoho ya leƙo. "To wagga da muka ji yanzu fa, Malam?"

"Baba, wannan ni ne, ga fuskata!"

Sai dai lasifika ba ta kai ƙauyuka, kuma duk wanda aka kira sai ya ce ai da kunnensa ya ji hedimasta.

Gari na wayewa ya hau babur ya je bakin hanyar, ya tsaya shi kaɗai. Can sai ga Jatau manomi da yaransa biyu, an sha wanka, ga ƙunshin abinci.

"Ku koma! Wallahi ku koma!"

Suka juya. Malam ya dubi dajin, ya dubi hanya. Ga wani babur can tafe, da 'yan makaranta cikin fararen hijabai a baya.