Dattijo Da Injinsa Mai Tari

Ku zo ku ga wani dattijo a garejin bakin layinmu! Sati guda ke nan yana zaune kan tsohuwar taya, hula a gwiwa, ido zuru-zuru, yana kallon injin motarsa, wanda na rantse ya girmi kakata. Aljihunsa na aiki ɗaya ne: ko garambawul, ko a dasa na zamani.

"Baba, canza ka huta," in ji makanike. "Wannan tarinsa ya fi tafiyarsa."

Dattijon yana shafa injin kamar mai duba zazzaɓin jika.

"Ɗana, mai ɗakina ba ta gani yanzu. Da tarin nan take gane na dawo." Ya ja dogon numfashi. "Kwance shi ka gyara. Amma don Allah kar ya warke duka."