Yatsana da Gwangwanin Kyandir

Tun da na koyi ɗinki, bakina ne ma'ajiyar allura. Lokacin da nake da keke a zauren gidanmu a Majidaɗi, Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, sai ka same ni da allura huɗu a leɓe, ina gwada wa mace riga, ina kuma yi mata faɗan ta ƙara ƙiba.

Wata rana na zaro ɗaya daga baki, garin sauri na caka wa manuniyata ta dama har sai da ta taɓo ƙashi. Na tsotse jinin na ci gaba da aiki. Tela da suka ai ba baƙin juna ba ne.

Kwana uku yatsa ya koma kamar ayaba. Zogi kuwa, wayyo Allah! Maƙwabta suka ce kakkare ne, na huda lemon tsami na cusa yatsan, na yini biyu ina yawo da shi a unguwa. Shiru kake ji. A asibiti aka tsaga, aka kai ruwan ciwon ɗakin gwaji, aka ba ni kafso. Sakamako ya fito wai ba a ga komai ba. Aka sake, haka dai. Likita ya ce in kumburin ya gangaro tafin hannu, sai an yanke yatsan.

Ba a ga komai ba, amma za a yanke? Da me zan tura yadi a keke? Na ji tsoro ƙwarai, ni kuwa tsorona da masifa yake fita. Na ja mayafi sai ɗakin gwajin.

Na tarar da wani dattijo Bamumuye da farar riga, na sauke masa kwandon faɗa. Sai da na gaji sannan ya tambaye ni da 'yar Hausarsa.

"Madam, allura nan, ina kai ajiye shi kafin ya soke ka?"

"A bakina, Baba. Sai me?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune lafiya a bakin kowa, amma in suka shiga nama sai ɓarna. Ga su da nawar tsirowa a farantin gwaji, ba sa kuma son iskar fili. Su kuwa a nan, faranti ya kwana biyu babu komai, zubarwa ake yi.

Ya sake ɗiban ruwan ciwon ya shafa a faranti, ya sa cikin wani babban gwangwanin madara, ya kunna guntun kyandir a ciki, ya rufe ruf. Na ce, "Baba, asibiti na zo ko gidan boka?" Ya ce kyandirin zai cinye iskar, ya bar musu irin wadda suke so. Da kansa ya je ya roƙi likita a jinkirta yankan mako guda.

Kullum da safe in an wanke min ciwo sai na leƙa. Ya kaɗa kai, na koma ina auna kumburin da zare. Ran na biyar ya nuna min wasu ɗigo-ɗigo, sai ka ƙura ido za ka gan su. Wai su ne. Ashe kafson da nake ta haɗiya ko gezau ba ya sa su yi. Aka canza min zuwa allura, safe da yamma. Maigidana har da cewa da ma ya daɗe yana zargin bakin nan nawa. Na ce ya jira in warke.

Yatsa ya tsira, sai dai gaɓar sama ta sandare, har yau ba ta lanƙwasuwa. Ranar da aka cire bandeji na zauna a keke, na ɗauko zanen wata mata daga Iware da ya yi wata biyu yana jirana. Kalmasa ta fito a karkace kamar ta 'yar koyo. Na kifa kai a kan keken na yi kuka mai isata, sannan na farke ɗinkin na sake.