Kunun da Munzali Ya Dama

Shekara ashirin da uku Munzali ya yi a Riyad yana tuƙa motar wani kulob na wasanni, yana zaune da iyalinsa a unguwar Utaika. Mutumin Argungu ne, tsohon ɗan kokawa, har yau in ya riƙe hannunka sai ka ji a kafaɗa. A wajensa babu ciwon da ya gagari saiwa. Likitocin kulob kuwa kallon yara yake yi musu.

Ɗansa Shakir a nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Gudu yake yi kamar an koro shi, har kulob ɗin ya ɗauke shi a 2018. Munzali ya hana mutanen unguwa sakat da labarin.

Saura mako biyu a yi gasa, gwiwar Shakir ta kumbura. Munzali ya ɗauko garin maganin da wani ɗan garinsu ya kawo masa daga gida, kullum da safe ya zuba cokali guda a kunu ya dama masa. Bai gaya masa ba, don a garinsu ba a shelar magani, kada baki ya karya shi. Kumburi ya sace, Shakir ya zo na biyu, aka ɗebi fitsarinsa don gwaji.

Ashe mai maganin, Allah ya isa, ƙwaya ya daka a ciki, irin wadda doka ta haramta wa 'yan wasa, gwajin kuwa ya nuna ta. Ita kuwa dokar ba ruwanta da "ban sani ba", abin da aka samu a jikinka naka ne. Sai in an nuna ta inda abin ya shiga ne za a sassauta.

Munzali ya gane sarai. Ya kuma lissafa wa kansa cewa in ma'aikacin kulob ya amsa wannan laifi, aiki ya tafi, kuma takardar izinin zaman ƙasa ta gidan gaba ɗaya a kan aikin take. Ya juye garin a masai.

Ranar zaman kwamitin ladabtarwa shi ya kai Shakir. Aka tambaye shi ko ya san wani abu da ɗansa ke sha a gida.

"Ban san komai ba," in ji shi, kansa a ƙasa. Wai ɗan kokawa ke nan! Aka dakatar da Shakir shekara huɗu, kulob ya sallame shi.

A hanyar komawa Shakir ya yi magana da Hausarsa mai tsami.

"Baba, tun ranar farko na ji ɗacin kunun. Ba zan taɓa faɗa musu ba. Amma na zaci kai za ka faɗa."

Munzali ya ci gaba da tuƙi.

Yanzu Shakir dako yake yi a kasuwar Utaika da waɗannan ƙafafun. Yana durƙusawa ya gaida uban, yana raka shi masallaci. Amma ko ruwa Munzali ya miƙa masa, sai ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi.