Ranar da Na Ƙi Ɗaga wa Alhaji Ƙafa

Ni likita ce a sashen gaggawa a Greensboro da ke Amurka, kuma mutanenmu sun ɗauka an ajiye ni a asibitin ne don in riƙa ɗaga musu ƙafa. Wata ranar Asabar da hantsi aka kawo wani ɗan garinmu mai shagon kayan miya a Gate City Boulevard, ya yanke jiki ya faɗi. Mun samu zuciyarsa ta dawo, amma ƙwaƙwalwa ta daɗe ba jini. Na'ura ce ke masa numfashi, kuma na san da an cire ta zuciyar za ta tsaya.

A irin wannan hali aikina in buga wa masu kula da bayar da sassan jiki waya, su zo su tambayi iyali. Ba ni ke tambaya ba, ba ni ke cire komai ba.

Kafin azahar maza sun cika wurin jira. Babbansu, wani Alhaji da ya ɗauko ni daga filin jirgi shekarar da na zo, ya ja ni gefe. Ya ce sun riga sun yanke shawara, ba za a taɓa ɗan'uwansu ba, an ma yi maganar kabari. Matar mai shagon kuwa tana can kan kujera ta ja mayafi, ko kallonta ba wanda ya yi. Haka muke, mace na rasa miji sai a mai da ita kayan ɗaki.

"Dokta, ke tamu ce. Ki manta da wayar nan kawai."

"Alhaji, matarsa ce ke da ta cewa, ba mu ba."

Raina ya ɓaci, amma na buga. Da masu kula da bayar da sassan jikin suka iso suka shiga da ita wani ɗaki ita kaɗai, da mai fassara. Ta daɗe a ciki. Ta tambayi ko zai ji zafi, ko za a samu yi masa wanka da sallah kamar kowa, ko wa zai samu ƙodar. Daga ƙarshe ta ce a'a. Ba zan ɓoye ba, na so ta yarda, don na san masu jiran ƙoda da yawa.

Alhaji ya bi gari yana cewa na wahalar da baiwar Allah a banza, boko ya cinye ni. Har yau in na gaishe shi sai ya duba wayarsa. To, ya duba. Gobe ma aka kawo wani, zan buga.

Bayan ya rasu, ranar sadakar uku na je gidansu a McLeansville. Mata suka amsa sallamata ciki-ciki, ba wadda ta matsa mini wuri. Ina shirin juyawa sai matar mamacin ta ɗago kai daga kan tabarma, ta kira ni, ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

"Tun da ya faɗi kowa ke ce mini in yi haƙuri," in ji ta. "A wancan ɗakin na asibiti ne kawai aka tambaye ni me nake so a yi wa mijina."