Sekuru Gwatidzo, Kafintan Da Ya Hana Mu Yanka Silin

Kafin a buɗe shagunan Mkoba, unguwarmu da ke birnin Gweru, Sekuru Gwatidzo (Sekuru dattijo ke nan a yarenmu) ya riga ya zauna a ƙofar gidansa da kofin shayi, yana tari. Sai tarin ya lafa yake ɗaure tsani a keke ya tura, don hawa ya gagare shi. Shekara arba'in da ɗaya yana buga wa mutanen Gweru silin. Ƙarshen watan nan zai ajiye guduma. Likita ya ce huhunsa ya taurare, ƙurar allon asbestos da ya yi ta yankawa tun yana saurayi ce ta cinye shi.

Bara na san shi, da yoyo ya ɓata silin ɗakin yarana. Ƙanena Munashe ya aro injin yanka, ya ce a datse inda ya lalace a mayar da sauran. Mu a nan ba ma zubar da allo. Guntayen ma akurkin kaji muke yi da su. Na yarda nan take, domin hannuna ba ya sakin abu da sauƙi, masu baki ma rowa suke kiransa.

Sekuru ya hau tsani, ya huta a mataki na uku, ya ƙwanƙwasa allon, ya gane na asbestos ne, ya kira ni Mai Tsitsi, wato Maman Tsitsi.

"Mai Tsitsi, su wa ke kwana a nan?"

"Tsitsi da ƙannenta biyu."

"To injin nan ba zai taɓa shi ba."

Munashe ya yi dariya. "Haba Sekuru, a ƙarƙashin irinsa aka haife mu, ga mu garau. Ko dai sabo kuke so ku tallata mana?"

Tsohon ya sauko, ya kamo hannun Munashe ya ɗora a ƙirjinsa. Daga inda nake tsaye ina jin numfashin yana ƙugi.

"Ni ma garau nake da ina kamarka, ɗana."

Ranar aka kwashe yaran zuwa gidan yayata. Sekuru ya ɗaure hanci da baki, ya jiƙa allunan sharkaf, ya zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya sauke kowane falle ɗungurungum ya naɗe a leda. Da na ɗauko tsintsiya ya daka min tsawa, ya miƙo min jiƙaƙƙen tsumma.

A shagon kayan gini ma sai da muka yi. Na nuna silin roba, ya ce mu da ke kunna kyandir duk sanda aka ɗauke wuta, narkewa zai yi ya ɗigo a kan yara. Na nuna allon katako, ya ce ruwa zai sha ya yi ciki. Ya zaɓi allon jipsum, wanda ba ya saurin kama wuta, amma ya ƙi buga ko falle ɗaya sai da aka toshe yoyon kwano. Na yi ta mita, ko kallona bai yi ba.

Kai ne mai rasa aiki saboda gaskiya, Sekuru. Mbuya Ncube, dattijuwar unguwarmu, ta ga magidanta uku sun sallame ka, suka kira masu yanka a gama da wuri. Har gobe farar ƙura na sauka a kan shanyar mutane, abin yana ƙona min rai.

Makon jiya na kai masa lemo. Ranar jikin ya tashi, yana kwance, magana da kyar.

"Tsitsi tana tari?"

"A'a, Sekuru."

"Ba yanzu ake sani ba, 'yata. Sai bayan shekara talatin. Lokacin ba na nan, ke za ki tambaye ta."

Na ajiye masa lemon na koma gida, na zauna na rubuta wannan. Na gode, Sekuru, a madadin yara uku da ba su san abin da ka tare musu ba. Ku kuma kafintocin Mkoba, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da sauran numfashin koya muku.