Yatsan Bahaguwa a Bakin Tulu

Shekarun baya, ina sabon malamin firamare a Bodinga, aka tura mu kwas na sati biyu a Sakkwato. Ran ƙarshe wani malamin tarihi ya haska mana hotunan wani tsohon birnin Girka a bango: ginshiƙan dutse tsaye ba rufi, matakala a zagaye inda ake zaman kallon wasa, da tuluna masu zane da aka harhaɗa daga gutsattsari, kowane guntu da lambarsa. Ya ce har jirgi mutane ke hawa su je gani. Na yi dariya har na kusa da ni ya zungure ni. Kango fa, irin wanda a wajenmu awaki ke kwana ciki!

A mota dariyar ta koma ciki. Na tuna da tudun da ke ƙarshen gonarmu ta gado a Mandera, wanda muke kira Kufai. Ko ƙafa ka ja a wurin sai ka tono tsingaro, wato fasassun tukwane. Kuma na san Baffa, ƙanen mahaifina, wanda gonar ke hannunsa tun rasuwar Baba, ya riga ya yi magana da mai tarakta a baje tudun kafin ruwa ya sauka.

Ni kuwa ina da taurin kai, kowa ya sani. Asabar na hau babur na nufi Mandera, na durƙusa gaban Baffa na roƙi ya ba ni wata ɗaya.

"Wata guda don mi?" in ji shi. "Wurin ga ko ƙaya ba ta son hitowa."

Ya dai ba ni sati uku, don kunyar marigayi.

Ranar na wuni a Kufai cikin rana ina tsintar tsingaro. Masu wucewa suna yi mini sannu irin wadda ake yi wa mai taɓin hankali. Na wanke su, na sa wa kowane lamba da jan alƙalamin da nake duba aikin ɗalibai, kamar yadda na gani a hoton Girkawa. Na cika buhu, na ajiye a ɗakin mahaifiyata, na ce ta kula mini da shi. Abin da ban yi ba shi ne gaya mata ko mene ne.

Da na dawo wata Asabar, na tarar da sabon daɓe a ɗakin, sumul, mata sun gama bugu. Buhuna kuwa yana rataye a kan danga, an kakkaɓe shi.

"Allah shi yi ma albarka," in ji Inna. "Ina ta tunanin inda za ni samo tsingaron daɓe, ashe ɗana ya hango. Hadda wankewa!"

Tarihin da zan kai Sakkwato a zo a ceci Kufai, ga shi an kirɓe shi a ƙasa. Na ji haushi ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Guda bakwai kawai suka tsira, bakunan tuluna masu kauri da suka ƙi kwanciya.

Ban haƙura ba. Na kai bakwai ɗin wani ofishin kayan tarihi a Sakkwato. Ma'aikacin da na tarar ya jujjuya su, ya ce in rubuto takarda. Na rubuta, na koma sau biyu, har yau ina jiran amsa.

Ana jibi tarakta zai zo, na shimfiɗa su a tabarmar Baffa a zaure, na zuba jawabin da na kwana biyu ina haddacewa: Girka, ginshiƙai, baƙi masu zuwa da jirgi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Su Girkawan ga, gero suka ci ko dutse?"

Ina tattara kayana sai ga Goggo, yayar su Baba, ta fito tana laluben bango, don idonta ya daɗe da tafiya. Ta taka guda ɗaya, ta tambayi mene ne. Na miƙa mata don kawai kada ta yanke. Ta shafa bakin, ta sake shafawa a hankali, sai ta zauna a ƙasa.

"Ina kas samo wanga?"

Na ce Kufai.

"Tulun Kaka na," ta ce. "Uwar babanmu. Can munka zauna kahin rijiya ta ƙahe mu taso. Ita ɗai ka danna yatsa ukku ƙalƙashin baki, kuma dubi yadda sunka karkace. Bahaguwa ta."

Duk Mandera an san Baffa bahago ne. Ya sha dukan hannu yana yaro, a wurin cin tuwo da wurin rubutun allo, har ana ce masa ba a san inda ya kwaso abin ba, don ba mai shi a gidan. Kakar kuwa ta rasu kafin a haife shi.

"Ba ki taɓa hwaɗa min ba," ya ce da Goggo.

"Kai ka taɓa tambaya?"

Ya karɓi guntun. Ya fara sa babban yatsansa na dama a gurbin, bai zauna ba. Ya sauya hannu. Na hagu ya shige daram, kamar jiya aka danna shi. Ya daɗe a haka kansa a sunkuye, ni kuma na kawar da ido, don ban taɓa ganin Baffa a wannan hali ba.

Ran da tarakta ya zo, Baffa da kansa ya tsaya a gindin tudun da sandarsa yana nuna wa direba inda zai kewaye.

Ba wanda ya taɓa hawa jirgi ya zo ganin Kufai, kuma na daina sa rai. Abin da ke ba ni kunya har yau shi ne, na je Sakkwato sau uku neman wanda zai gaya mana darajar wurin, alhali wadda ta sani tana cikin gida, kullum ina gaishe ta ina wucewa. Bayan haka na riƙa zama wurinta da littafi, na rubuta abin da Allah ya sa na samu kafin ta rasu. Bai kai rabin abin da ta tafi da shi ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Guda shida suna wurina. Na bakwai Baffa bai mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba. Sauran kuwa suna ɗakin Inna. Duk sanda na durƙusa gaishe ta, akwai wani ɗan guntu daidai gwiwata wanda jar lamba goma sha huɗu ba ta gama gogewa a jikinsa ba.