Motar da Aka Yi wa Lalas Kamar Raƙumi

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ko shayi ban sha ba, ni da Baba da Baffa, ƙanin Baba. Na ce mun tashi, amma gaskiya ni jana aka yi. Masu turo mini saƙo suna tambayar me ya kai ni Matameye ranar kasuwa alhali ba na saye ba na sayarwa, ga amsarku, kuma kada wanda ya ce na cika surutu.

Sati biyu kafin nan Baffa ya shigo gida da hoto a waya. Wata ƙaramar baƙar mota ce mai ƙofa huɗu, irin ta kafin yaƙin duniya na biyu, fitilunta a waje kamar idon kwaɗo, da matakala a kowane gefe. Ya ce motar Kakanmu ce, an gyara ta, za a yi gwanjonta a Matameye. Shekara huɗu ke nan da idon Baba ya rufe, don haka ni aka miƙa wa wayar in kwatanta masa. Ina kwatantawa yana gyaɗa kai har na gama.

Labarin motar kowa a gidanmu ya haddace shi. Kaka bafatake ne, da raƙuma ya fara. Ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, tun a lokacin ta tsufa. Baba yana yaro ya sha shiga bayanta. Wata shekara, lokacin cinikin gyaɗa, ta mutu a Matameye, Kaka ya bar wa mai masaukinsa ita kyauta ya hau babbar mota ya dawo gida. Yanzu jikokin mai masaukin suna rabon gado, mota kuwa ba ta rabuwa, sai gwanjo.

Da safe Baba ya ce zai saya. Inna ta ce da me? Ya ce da garka. Garkar nan, wato lambunmu, ita muke ci tun da ya rufe shago: salati, tumatir, albasa, da mangwaro shida. Kafin yamma Baffa ya samo mai sayen garka. Nan na fara zargi. Mutum ɗaya ya kawo labarin mota, shi ɗin dai ya kawo mai sayen garka, duk a wuni biyu. An shirya cewa takardar garka za ta tafi a aljihun Baffa, in Baba ya ci gwanjo sai a buga wa mai saye waya ya turo kuɗi. Inna ta ja ni ɗaki ta ce, "Ke kika yi lakwal kika iya karatun boko, ke ce idonsa. Bi su, ko takardar ƙosai aka miƙo masa ki karanta."

A tasha jaka biyu da rabi na sefa suka karɓa kowane mutum, kuma motar da aka ƙera don mutum goma sha tara ta ɗauki abin da Allah ya hore mata, har da buhunan kanwa da wata akuya da ta yi ta kallona kamar ni na sayar da ita. Na samar wa Baba kusa da taga. Hanyar yamma ba laifi har Tirmini, direba yana kauce wa ramuka kamar ya san su da suna. A shingen jandarma aka karɓi katin shaidar kowa, aka dawo da shi, wani fasinja da bai da kati ya sauka ya yi doguwar gaisuwa a bayan rumfa. A Takeita, inda ake karya kwana a yi kudu, muka tsaya karin kumallo. Ƙosan wurin manya ne amma cikinsu iska, kokon kuma ruwa ya fi gero yawa. Baffa ya sayo wa Baba tsire mai zafi da sassafen nan. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baffa ya sayi ko goro ya ba wani ba. Na ci yanka biyu, ban bar zargina ba.

Daga Takeita ƙasa ta fara canzawa. An gama girbi, dammunan gero a jingine a bakin rumbuna, kafin mu kai Kance kuwa sai kore ya bayyana, rake a fadama tsaye kamar sahun sallah. Mata suna miƙo shi ta taga tun mota ba ta tsaya ba. Na sayi kara ɗaya, zaƙinsa har kunne, wannan kam ba a cuce ni ba. Baba ya ce yana jin ƙanshin fadamar, ya ce a nan Kaka yake tsayawa a zuba wa mota ruwa don tana yawan zafi. Muryarsa ta yi laushi, ni kuwa na tuna duk wannan daɗin baki, garkarmu ce za ta biya shi.

Mun shiga Matameye da hantsi, kasuwa ta fara cika. Sefa da naira duk suna yawo, mai tumatir ta gaya maka farashi biyu ka zaɓi wanda zai fi yi maka ciwo. 'Yan kabu-kabu sun yi mana caa, kowa ya san gidan da ake gwanjon mota, kowa kuma da nasa farashin. Muka taka da ƙafa, Baba na riƙe da kafaɗata.

An kafa rumfa a ƙofar gidan, tabarmi a gaba, kujerun roba a baya. Motar tana tsakiya. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ta yi kyau. Baƙin fenti yana ɗaukar ido, kujerun jar fata, sitiyari siriri kamar bakin faranti, madubi ɗan mitsitsi. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, na rasa yadda Kaka da babbar riga da rawani yake shiga. Na nemi takardunta. Sababbi ne fil, ba sunan Kaka, ba sunan Bature, ba abin da suka tabbatar sai cewa mota ce.

Dillalin ya taso da shadda mai ƙara da turare mai hawa kai. Kowa Alhaji ne a bakinsa, ni ma ya kira ni Hajiya, ni da ko Agadas ban taɓa zuwa ba. Ya rungumi Baffa irin rungumar waɗanda suka kwana biyu da sanin juna. Na rubuta wannan a raina.

Baba ya ce a kai shi ya taɓa ta. A nan sai na yi muku bayani. Motocin wancan zamani, ƙarƙashin kwanon jikinsu katako ne. Kaka bai yarda da lambar mota ba, ya ce abin da ake kwancewa da sukurdireba ba alama ba ce. Ranar da ya saye ta ya kira mai yi wa raƙumansa lalas, aka gasa ƙarfe a wuta, aka ɗora alamar gidanmu a jikin katakon da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ta ciki: ƙafar hankaka da ɗigo biyu. Ba wanda ya san wannan sai 'yan gida.

Baba ya shafa gaban motar, ya bi ta gefen hagu, ya buɗe ƙofar baya ba tare da na nuna masa mariƙi ba, ya zura hannu. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Katako sumul.

Dillali ya ce, "Alhaji, ta nan gefen take, zagayo. Ga ta nan ɓaro-ɓaro, inda mai gida yake zama."

Muka zagaya dama. Lallai ga ƙafar hankaka da ɗigo biyu, baƙi ƙirin. Na sunkuya na shinshina, har yanzu da warin ƙuna. Baba ya ɗora babban yatsa a kai, ya cire, ya goge a rigarsa.

Ya ce, "Wa ya gyara ta?"

Dillali ya ce ai ƙwararru ne daga nesa. Ban tsaya jin sauran ba. Tun shigowarmu na lura da wani tsoho a gefe kan benci, hannuwansa baƙi da man inji, ya rungume wani lanƙwasasshen ƙarfe a cinya. Manibel ne, ƙarfen da ake juyawa a gaba a tada injin. Wanda aka bar wa wannan shi ya san motar. Na gaishe shi a gajarce, na ce, "Malam, kai ka ƙona katakon can?" Haka na faɗa, ba sakaye. A raina na riga na haɗa shi da su.

Ya dube ni sama da ƙasa. "'Yata, ni gyara nake yi. Shekara uku ina kanta. Gara ta cinye katakon duka, na canza shi. Wanda ya zo da ƙarfen lalas shekaranjiya ba ni na aike shi ba."

Na ce tsohon katakon fa? Ya ce ya hura wuta da shi, sai guda ɗaya mai alama. "Abin da aka yi wa alama da wuta, ba ni zan mayar da shi wuta ba. Yana garaji."

Garajin yana bayan masu sayar da rake, tafiyar minti biyar. Baffa ya biyo mu yana cewa za a fara babu mu, za a fara babu mu. Tsohon ya zaro guntun katako daga saman rumfa, bai fi kamu ɗaya da rabi ba, duk hudar gara, ya sa wa Baba a hannu. Yatsan Baba ya tafi kai tsaye ya faɗa cikin ramin ƙunar. Ya daɗe a haka. Tsohon ya ce daga gefen hagu ya cire shi.

Baba ya ce, "Ita ce."

Jama'a, a nan lissafina ya rushe. Tun daga Damagaram addu'ata ɗaya, a kama su da ƙarya mu koma gida. To, an kama su da ƙarya, mota kuma ta Kaka ce. Ban taɓa kawo wa raina abu biyun za su haɗu ba. Na ga garka tana tafiya, na ga Inna tana sayen salati a kasuwa.

Bayan azahar aka fara. Tsohon ya zura manibel, ya juya sau uku, ta yi tari, ta kama. Mutane suka yi tafi. Baba ya roƙi a bar shi ya zauna a baya, aka bar shi, ya zauna gefen hagu da katakonsa a cinya, kansa a karkace yana sauraron injin. Ya fi minti biyar. Sai ya miƙo hannu na fito da shi.

Mai shela ya buɗe farashi, wasu mutum biyu da silifas ɗin roba suka yi ta ƙari kamar masu rijiyar kuɗi, kuma duk ƙarin da za su yi sai sun saci kallon dillali. Akwai wani mai waya a kunne da aka ce wakilin wani mai otal ne daga tsallaken iyaka. Ni ina riƙe da hannun rigar Baba, na ƙudurta in ya ɗaga hannu zan rataya a jiki ko za a ce ba ni da kunya. Baffa ya matso da waya.

"Yaya, in kira mutumin? Za ta wuce mu."

Baba bai juya ba. Ya ce, "Ƙanena, raƙumi ta wane gefe ake hawansa?"

Baffa ya sauke wayar. An haife shi bayan an sayar da raƙuman, bayan an bar motar. Alamar a jikin tsohuwar jakar fata ta Kaka ya san ta, bai san gefen da take a mota ba.

Baba ya ce, "Ta hagu. A nan ake masa lalas. Ba Auta takardar."

Ni ce Autar, Baffa ya ba ni. Na ninke ta. Na cusa ta inda ba mai iya tambayata. Wakilin mai otal ne ya ci gwanjon, masu silifas suka ɓace kafin a shafa fatiha, dillali bai ƙara kirana Hajiya ba. Tsohon makaniki ya ƙi karɓar komai a kan katakon, sai Baba ya cire hularsa ya ba shi, ya dawo gida da rawani kawai. Kafin mu tafi na koma na ba tsohon haƙuri. Ya ce ba komai, tasa 'yar ma haka bakinta yake.

A hanyar dawowa Baffa ya zauna gaba, bai juyo ba har Takeita. Na tambayi Baba a hankali me ya sa ya fasa, tunda ita ce. Ya ce injin nata ne, kwanon nata ne, amma kujera sabuwa, ƙanshi sabo, ya zauna ya nemi tsohonsa a ciki bai same shi ba. Ya ɗaga katakon ya ce wurin da Kaka ya tsaya a kai aka ƙona yana nan. Game da Baffa bai ce komai ba, har yau kuma bai ce ba. Mun iso gida bayan magariba, Inna tana tsaye a zaure, na miƙa mata takardar kafin in cire takalmi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne a wurina. Na fita ina zargin kowa, kuma rabin zargina ya tabbata, amma ba shi ya ceci garka ba. Da ni kaɗai ce, da na ce duk ƙarya ce, na zagi mai gaskiya tare da maƙaryata, Baba ya dawo hannu wofi. An aike ni in zama idon mutum, shi ya ga abin da ban gani ba. Duk da haka ban tuba gaba ɗaya ba. Takardar garka tana ƙasan akwatin Inna, makullin yana wuyana, kuma jiya Baffa ya zo gaisuwa da labarin wata tsohuwar bindigar Kaka da aka gani a Magarya. Na kawo masa ruwa, na zauna a tsakaninsu har ya tashi.